Kashu Arba'in a Gonar Aro

Tampiyili, 12 ga Mayu

Yaya Jibirilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zakia da yara. Yaya ƙafar nan taka? Ni lafiya lau, in ban da bayana da ke tuna mini shekaruna kowace asuba. Na shiga Tamale na biya unguwarmu Zogbeli ranar Juma'a, gidanmu yana nan, kowa na gaishe ka.

Kada ka ce me ya hana ni bugo waya. A ƙauyen nan waya ba ta kamawa sai a kan tudun makaranta, inda rabin gari ke zaune suna sauraren hirar kowa, kai kuma tun da injin niƙa ya cinye maka kunne sai an yi ihu kake ji. Maganar ƙasa ba a yin ta da ihu. Zan riƙa ba Abdulfatawu direba takarda, tunda duk mako motarsa na bi ta Wenchi.

Ka san shekara uku ke nan da na baro Tamale ina baidei, wato ƙwadagon yini, a gonar shinkafar Alhaji Shamsudeen. To, na gaji, kuma ba ni kaɗai ba. Mu goma sha tara muka haɗa ƙungiya, mata goma sha ɗaya, maza takwas, mu noma tamu gonar tare mu raba amfanin. Yawancinmu baƙi ne a nan. Wasu 'yan zango ne irina, wasu mutanen Kukuo ne da gidaje suka cinye gonakinsu. Sun naɗa ni Magajiya, kada ka yi dariya.

Mun kai wa Naa, sarkin ƙauyen, goro ta hannun wulana, wato mai magana da yawunsa. Ya karɓa, ya ara mana fadamar da ke gabas da gari. Ranar na yi murna har na kasa cin abinci. Amma washegari tsoro ya zo ya zauna, har yau bai tashi ba. Alhaji ya ce duk wanda ya bar masa aiki bana, kada ya sake ganin ƙafarsa. Ni na bi mutanen nan gida gida na lallashe su. In shinkafar nan ba ta yi ba, ba su da wurin komawa, kuma ni za su kalla.

Ga abin da ya fi damuna. Ta wajen tudu, iyakarmu da gonar Alhaji kunya ɗaya ce da 'yan duwatsu. Na san direban traktarsa, idonsa ba ya ganin dutse in maigidansa bai so ya gani ba. Kai da ka yi shekara goma a gidan renon dashe, me ake yi wa iyaka ta tsaya?

Ƙanwarka,
Mansuratu

Wenchi, 29 ga Mayu

Mansura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Zakia ta ce a gaida Magajiya, ta kuma ce a tambaye ki ko an yi miki kalangu.

Na yi alfahari da ke, Allah ya sani. Ke da Baba ke cewa ba ki iya riƙe ko kaza ba, yau ke ce riƙe da mutum goma sha takwas.

Maganar iyaka mai sauƙi ce. Dutse ana ɗauke shi, kunya ana share ta, amma itace ba ya matsawa. Abdulfatawu zai sauke miki dashen kashu guda arba'in, masu aure, wato haɗin reshe, ni na yi musu da hannuna. Ki jera su ta wajen tudu, taku goma sha biyu tsakanin kowanne, kada ki sa su inda ruwa ke kwanciya. Shekara uku za su fara 'ya'ya. Kashu ya fi wanda ya dasa shi daɗewa, Mansura. Jikokinki ma za su nuna su ce ga iyakar kakarmu.

Ki dasa da wuri tun ruwa na sauka. Ba sa son zama a leda.

Yayanki,
Jibirilu

Tampiyili, 9 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, mun gama watsa iri jiya. Dashen sun iso lafiya, biyu kawai suka karye a kai, su ma sun farfaɗo. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Sai dai ban dasa ba tukuna, ga dalili. A cikinmu akwai wani dattijo, Tahidu, Badagombe ne daga Kukuo, ba ya yawan magana. Ya zo ya same ni ina ba su ruwa a bayan ɗaki, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ce, "Magajiya, kai ɗan gari ne, ba ka san ƙasa ba. Gona na aro, ana shuka abin da za a yanka. Ba a shuka abin da zai tsaya."

Na ce masa ai iyaka kawai nake so in kare, ba wanda zai ci wa wani ƙasa. Ya ce zuciyata ba za ta fito a jikin ganye ba, mutane itace za su gani. Ya sa hularsa ya tafi.

Yaya, maganar ta tsaya mini a ƙirji. Wani lokaci in ce tsoron tsofaffi ne, mutumin da aka ƙwace wa gona ko inuwarsa tsoro take ba shi. Wani lokaci in ce ruwa ba ya tsami banza. Ba na so in tambayi 'yan gari, don tambayar ma tona kai ce. Kai ka san harkar itace. Ka tambayi manya a wajenku ka faɗa mini, in dasa ko in fasa? Ka amsa ta wannan tafiyar, don ganyen ƙasa ya fara yin ja a leda.

Mansuratu

Tampiyili, 4 ga Yuli

Yaya Jibirilu,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mako uku da kwana huɗu, ba kai ba Abdulfatawu. Sau biyu ina hawa tudun makaranta, wayarka a kashe. In ciwo ne a gidan, don Allah kada a ɓoye mini.

Abin da na ji tsoro ya faru. Ranar Asabar traktar Alhaji ta zo gyaran gonarsa, ta bi ta kan duwatsunmu ta cinye taku shida, da shinkafar da ta tsiro a wurin. Adisa, wadda ke taimaka mini da sha'anin ƙungiya, ta tsaya gaban direban tana masifa, ya ce shi bai ga wata iyaka ba. Na je wajen wulana, ya ce a yi haƙuri, za a duba. Ka san abin da za a duba ke nufi.

Na dawo gida raina a ɓace, na tarar da dashenka suna neman mutuwa. Na sake karanta takardarka, inda ka ce itace ba ya matsawa. Na ce a raina, da Yaya ya ga illa a abin da na rubuta masa, da ya aiko ko da baki ne. Shirunka na ɗauka amsa.

Ranar Juma'a da hantsi, da mutane suka tafi masallacin babban ƙauye, na ɗauki fartanya da kwando na dasa su duka arba'in. Ni kaɗai, ko Adisa ban gaya wa ba, don in abin ya zo da magana ya tsaya a kaina. Sun yi kyau, Yaya, layi ɗaya ɗoɗar kamar an ja igiya. Tahidu ya gani washegari. Ya zauna a kan kunya ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe a haka.

Na ba wani mai motar gawayi wannan takardar. Ka rubuto.

Mansuratu

Wenchi, 13 ga Yuni

Mansura,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita ba, mota na jira.

Kada ki dasa. Na kai wa maigidanmu, mai gidan renon dashen, maganar, ya kama baki. Ya ce ko a nan ƙasarsu haka abin yake, wanda aka ara wa gona ya dasa itace, to ya ce wa masu ƙasa gonar ta zama tasa ke nan, shi da zuriyarsa. Ya ce an sha zubar da jini a kan abin da bai kai wannan ba. Ni shekara goma ina renon dashe ina sayarwa, ban taɓa tambayar a ƙasar wa ake sa su ba. Dattijon nan ya fi ni gaskiya.

Ki kai su Zogbeli a dasa a bayan gida, ko ki bayar sadaka. Na buga miki bai shiga ba, amma wannan za ta same ki jibi in sha Allahu.

Jibirilu

Tampiyili, 20 ga Yuli

Yaya,

Alhamdu lillahi da kuna lafiya, wannan kaɗai ne daɗin da na samu a takardarka. Jiya ta zo. Dubi kwanan watan da ka sa, ka dubi nawa. Motar Abdulfatawu ta lalace a hanya, ya yi wata guda yana neman kayan gyara, takardar na kwance a aljihun motar tare da goronsa. Ya miƙo mini yana ba ni haƙuri yana murmushi, bai san abin da ya ɗauko ba. Ban yi masa faɗa ba. Na karanta a tsaye.

Ba wanda ya ce mini uffan a gari, kuma wannan shi ne abin tsoron. Kwana ashirin da dasawa, hanyar rafi ta bi ta gefen gonar, ba mai ido da bai gani ba. Ana amsa gaisuwata, amma a taƙaice. Matar da nake saye wa kuka kullum takan ja ni da hira har in gaji, yanzu aunawa take yi ta miƙo tana kallon wani wuri.

Na tara 'yan ƙungiya na faɗa musu gaskiya, ni na dasa, an gargaɗe ni ban ji ba. Wasu sun yi magana, kuma ba abin da suka faɗa da ban cancanta ba. Wata ta tambaye ni ko zan ciyar da 'ya'yanta da ganyen kashu. Tahidu ya bayyana musu abin da ni ma sai ranar na fahimta sosai. Mutanen Tampiyili sun ga yadda aka yi da Kukuo da Jisonayili. Ɗan birni zai zo da ladabi, ya kafa abu ɗaya a gona, bayan shekara biyar sai ka ga bulo. Ni kuma 'yar Zogbeli ce, jikar fatake. Duk abin da zan ce, sun taɓa jin irinsa.

Shinkafa kuwa ta yi kyau, har haushi take ba ni. Ka yi mana addu'a.

Mansuratu

Tampiyili, 18 ga Oktoba

Yaya Jibirilu,

Na sami takardunka biyu na ban haƙuri, ban amsa ba don ba ni da abin faɗa. Ba fushi nake da kai ba. Na ɗan yi zazzaɓi a Satumba, ya wuce. A gaida Anti Zakia.

Wata uku suka bar mu muna cire ciyawa, muna zuba taki, muna korar tsuntsaye. Har na fara cewa ko an manta. Ashe jira ake shinkafa ta sunkuyar da kai.

Shekaranjiya da safe wulana ya zo ƙofar ɗakina da dattawa biyu. Ban taɓa ganin ya taka gidan baƙo ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyata, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen Tamale. Sannan ya ajiye ƙullin ganye a kan tabarma, ya ce Naa ya ce a mayar mini da kayana. Na buɗe bayan sun tafi. Goro ne, Yaya, adadin da muka kai a watan Mayu, ba ƙari ba ragi. Wato an janye aron ke nan.

Kafin azahar an kafa sanda a bakin gonar, an ɗaura mata ganye a kai. Ma'anarta ba mai shiga sai Naa ya yi magana. Ko Alhaji da traktarsa ba zai tsallake wannan sandar ba, balle mu.

Saura mako biyu a sa lauje. In ta wuce lokaci za ta fara zuba ƙasa. Tsuntsaye sun riga sun gane ba mai korarsu, da safe sai ka ga sun sauka baƙi ƙirin, mu kuma muna tsaye a kan hanya muna kaɗa gwangwani daga nesa kamar mahaukata. Ga ciyawar daji ta fara bushewa, mafarauta sun fara sa wuta ta yamma. Ba mu yi share-wuta ba tukuna, wato share ciyawar kewayen gona, kuma yanzu ba hanyar yi. Duk hayaƙin da na hango sai in fita in duba ta ina yake.

Adisa ta daina kirana Magajiya, Mansura kawai take cewa, a hankali, kamar mai gaida mara lafiya. Na fi son ta zage ni.

Mansuratu

Wenchi, 23 ga Oktoba

Mansura,

Takardarki ta hana ni sukuni. Ni na ja miki wannan, ni da bakina da dashena.

Ki saurare ni. Ki tumɓuke su duka, yau ba gobe ba. In babu itace babu magana. Ki shiga ta bayan tudu inda sandar ba ta kallo, rabin awa ya ishe ki, saiwarsu ba ta yi nisa ba. Ki zuba su a rafi, sannan ki je ki ce wa sarkin an gyara. In kuma kin ga fuska ta canja, kada ki tsaya jarumta, ki hau mota ki tafi Zogbeli. Shinkafa ana sake shukawa, ƙanwa ba a sake haifa mini.

Na nemi izini wajen maigida, in ƙafar ta bar ni zan taso ƙarshen mako.

Jibirilu

Tampiyili, 27 ga Oktoba

Yaya,

Muna raye. Ka zauna inda kake, don Allah. In ka zo za a ce ga mai ƙasar ya iso daga kudu duba itatuwansa.

Wannan karon takardarka ta zo a kan lokaci, kuma saura kaɗan in bi ta. Har na ɗauki fartanya. Allah ya sa na ce bari in biya wa Tahidu, ko kunya ce ta sa ni. Na karanta masa, ya riƙe ƙotar fartanyar da hannu biyu, tsoho da shi, ya ƙi saki. Ya ce, "Kai ka dasa ba ka tambaya ba. Yanzu kai za ka cire ba ka tambaya ba. Wanda yana sa yana cirewa, shi ne mai gona. Ka faɗa sau ɗaya, kana so ka faɗa sau biyu?" Ga kuma tsallake sanda, wanda ya ce ko shi da aka haifa a ƙasar Dagomba bai san abin da ke wanke shi ba.

Yaya, ina son ka, amma shawararka ta farko ta ƙone ni, ta biyu ta so ta binne ni. Daga Wenchi ba a hango Tampiyili.

Zogbeli kuma ba zan tafi ba. In na gudu, mutum goma sha takwas za su tsaya gaban Naa su amsa abin da ba su yi ba.

An aiko mu je fada ranar Juma'a. Jiya wuta ta ci dajin da ke bayan rafi, ruwan rafin ne kawai ya tare ta. Mun tsaya muna kallo, toka na sauka a kan shinkafarmu, ba mai iya taka ƙafa ya shiga. Wani cikin mazan ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ban taɓa ganin irin wannan ba. Na tambayi Tahidu me zan ce a fada. Ya ce shi bai sani ba, shi ma da ya san abin faɗa da bai rasa gonarsa ba. Ya ce dai kada in kare kaina.

Ina jin tsoro, Yaya. Ba na tsoron a kore ni. Ina tsoron in buɗe baki in sake yin kuskure, a ce shinkafar ta zube a inda take.

Mansuratu

Tampiyili, 16 ga Nuwamba

Yaya Jibirilu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ka kwantar da hankalinka, ka ce wa Anti Zakia ta daina azumin da na ji tana yi mini. Na yi jinkirin rubutu don hannuna bai zauna ba, kuma don ban san ta ina zan fara ba.

An yanke shinkafa. Bari in fara da wannan don kada ka tsallake layi.

Ranar Juma'ar muka je, mu duka. Zauren ya cika, har da Alhaji a gefe yana jan carbi. Na cire takalmi na durƙusa. Naa bai dube ni ba, wulana ne ke magana. Ya tambaya gonar ta wa ce. Na ce ta Naa ce. Ya tambaya wa ya dasa itace. Na ce ni, ni kaɗai, ranar da ba kowa. Ya tambaya wa ya ba ni shawara, don sun san ba a Tamale aka reni irin wannan dashen ba. Na ce an gargaɗe ni ne ma na ƙi ji. Sunanka bai fito daga bakina ba, kuma ba ƙarya na yi ba.

Sai ya yi tambayar da na san ita ce ramin. Ya ce to, itatuwan na wane ne?

Da na ce nawa ne, an gama. Da na ce na ƙungiya ne, na jefa su duka. Na tuna fartanyar da Tahidu ya riƙe. Na ce, "Abin da ya tsaya a ƙasar Naa na Naa ne. In ya so ya sare, in ya so ya bari. Ni ba ni da ko ganye ɗaya a ciki, haka 'ya'yana, haka jikokina."

Dattawa suka haɗa kai suna magana ƙasa ƙasa, ni ina kallon tururuwa a kan daɓe. Sannan wulana ya faɗi hukunci. Naa ya karɓi itatuwan, sun zama na sarauta, ba mai taɓa su. A cire sanda, ƙungiya ta yanke shinkafarta, ta kawo sabon goro ta noma baɗi ma. Na ji Adisa ta saki numfashi a bayana.

Amma bai gama ba. Ya ce baki yana mantuwa, ido ba ya yi. In aka riƙa ganin wadda ta dasa tana yawo a ƙarƙashin itatuwan shekara da shekaru, wata rana jikanta zai zo ya nuna ya ce ga iyakar kakarmu. Yaya, kusan kalmominka ya faɗa, har na ɗaga kai. Don haka ƙafata ba za ta sake taka gonar ba muddin ɗaya daga cikin arba'in ɗin na raye. Zama a gari ba a hana ni ba, rabona ma ba a hana ni ba.

Na ce na gode. Haka ake cewa.

Kwana tara suka yi suna yanka. Tsuntsaye da zuba sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma abin da ya rage zai kai kowane gida damina. Ni aikina dafa musu abinci, in kai bakin hanya in ajiye, wani ya fito ya ɗauka. Daga nan ina jin waƙarsu da ƙarar lauje. Gonar da na durƙusa na roƙo, na watsa mata iri da hannuna, ban yanki zangarniya ɗaya ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Adisa ce Magajiya yanzu, ni na ce a ba ta, don ba a shugabancin gona daga kan titi.

Shekaranjiya ta zo da wasu mata uku suka rufe ƙofa. Suka ce rani na zuwa, dashen ƙanana ne, ba wanda ya ce a ba su ruwa, ba wanda ya ce a share musu ciyawa. Wuta ɗaya ta isa. Kafin damina babu ko ɗaya, in koma gona, ba wanda ya taɓa komai. Wallahi na so, Yaya. Har sun zaci na yarda.

Sai na tambaye su, tun ranar da itatuwan suka zama na Naa, traktar Alhaji ta sake matsowa? Suka ce a'a, yanzu ma taku biyar take bari tsakani. Na ce to, ranar da na ƙarshe ya mutu, me zai tsaya a wurin, duwatsunmu? Gobe Tahidu zai jagoranci maza su yi wa itatuwan share-wuta.

Abdulfatawu zai kawo maka rabin buhu, ni na turara ta, wannan aikin dai ba a gona ake yi ba. Kada ka sake ba ni haƙuri, ya isa haka.

Abu ɗaya nake so, kuma wannan karon abin da ka sani ne. Ka rubuto mini dalla-dalla yadda ake raya ƙaramin kashu ya tsallake ranin farko, ruwa nawa, kwana nawa tsakani, me ake rufa masa a gindi, yaya ake kare shi daga gara da awaki. Ka yi rubutun manya manya, don daga bakin hanya zan riƙa karanta musu. Ka ce ya fi wanda ya dasa shi daɗewa. Allah ya sa gaskiya ka faɗa.

Ƙanwarka,
Mansuratu